Na tashi ƙarfe huɗu na dare don kallon tsuntsaye a Norfolk, ku zo ku yi mini dariya

Bakatsinen Norwich:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na san za a yi mini dariya, amma a bari in kai aya kafin a fara jifa. Shekarata uku a Norwich, a lardin Norfolk da ke gabashin Ingila, kuma tun zuwana wani dattijon Bature da muke aiki tare yake damuna da in raka shi kallon tsuntsaye. Kullum sai in ce masa sai wani jiƙon. Ranar Asabar da ta wuce dai uzuri ya ƙare mini.

Ƙarfe huɗu da rabi ya zo ƙofar gidana. Muka yi tafiyar sama da awa ɗaya zuwa wani wuri bakin teku da ake kira Snettisham. A wurin ajiye motoci na yi sallar asuba, hannuna har ba na jin sa don sanyi, sannan muka taka kusan rabin awa cikin duhu. Na ɗauka mu kaɗai ne marasa aikin yi, sai na tarar da mutane sun fi ɗari a tsaye bakin gaɓa, tsofaffi da yara, kowa da madubin hangen nesa a wuya, ba mai cewa uffan.

Wurin wani makeken sarari ne na laka, idan ruwan teku ya janye. Wasu ƙananan tsuntsaye masu ruwan toka, ba su kai kurciya girma ba, su ne ke kiwo a cikin lakar, dubu bisa dubu. To ruwa ya fara dawowa yana cinye lakar, yana matsa su, suna ja da baya, har wuri ya ƙure. Sai kawai suka tashi gaba ɗaya. Wallahi na ɗauka hayaƙi ne. Su juya nan ka ga baƙi, su juya can ka ga fari fat kamar an watsa auduga, ga ƙarar fukafukai a saman kanmu kamar ruwan sama ya sauko a kan kwano. Ban san lokacin da na ce Subhanallah da ƙarfi ba. Kafin in dawo hayyacina sai ga wata irin dinya mai jajayen ƙafafu, layi bayan layi, suna ta kuka sun nufi gonaki. Dattijon ya ce daga Aislan da Girinlan suke zuwa cin hunturu, suna kalar ragowar wata saiwa da manoman can suke nomawa don yin sukari, tunda rake ba ya yi a ƙasarsu.

Wannan kashi na farko kenan. Akwai na biyu, shi ne na dariyar.

Sarkin Gardama:
Ƙoshi kenan. Mutum ya ci ya sha, wuta ba ta ɗaukewa, sai ya tashi tsakar dare kallon tsuntsu. Malam ka dawo gida ka yi wata ɗaya, za ka warke.

Maman Ummi:
Ku bar shi ya ƙarasa mana. Yaya ci gaba, ina jin ka.

Bakatsinen Norwich:
Na gode 'yar uwa. Da hantsi muka bi hanyar bakin teku muka yi gabas zuwa wata fadama a ƙauyen Cley. Yadda aka rubuta daban, yadda suke faɗa daban, "Kilai" suke cewa. Fadama ce ta ciyawa mai tsayi irin kacalla, an shimfiɗa hanyar katako a ciki, an gina ɗakunan leƙe masu rufin ciyawa. Ka shiga ka zauna a benci, ka ɗaga wata 'yar siririyar taga, ka yi shiru. Nan na yi abin kunya, wayata ta ɗauki ƙara, ƙanwata ce daga Funtuwa. Ba wanda ya ce mini komai, amma kallon da wata tsohuwa ta yi mini ta saman tabarau ya fi zagi ciwo.

Muna fitowa sai na ga mutane sun taru a bakin wata makiyaya sun kafa manyan madubai masu ƙafa uku, ana ta raɗa, fuska cike da murna. Dattijona har yana sassarfa. Ya saita mini madubin ya ce in duba a hankali. Na duba. Jama'a, balbela ce. Balbela guda biyu suna bin shanu. Na ce masa a garinmu wannan ko yaro ba ya ɓata dutsen danƙonsa a kanta, sai ya buɗe baki yana kallona kamar na ce masa a gidanmu ake haƙo zinariya. Ashe sai a 2008 balbela ta fara yin sheƙa a Ingila, kafin nan baƙuwa ce ta jefi-jefi.

Ɗan Nguru:
Hahaha! A ce masa ya zo mahautar garinmu da madubinsa, zai ƙoshi.

Alhaji Mai Shinkafa:
Yaro, na karanta duka. Ba zan ce ka yi laifi ba, kallon halittar Allah ba laifi ba ne. Amma ka sani kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan hayaƙin da ka gani ka ce Subhanallah, mu ma muna ganin irinsa a fadamar Haɗejia, sai dai mu Innalillahi muke cewa. Jan baki ne. Idan suka sauka a gonar shinkafa da ta fara nuna, kafin la'asar sai kara. Yarana tun asuba suke gona da gwangwani da igiya suna ihu har muryarsu ta dushe, makaranta ma sai a hankali a wannan lokacin. Ka tambayi Baturen naka, da abincin shekararsa tsuntsun yake ci, zai tsaya ɗaukar sa hoto?

Bakatsinen Norwich:
Ranka ya daɗe Baba, maganarka dutse ce. Na kuwa tambaye shi abu mai kama da haka a mota. Ya ce su ma manomansu suna kuka da dinyar idan ta bar kala ta faɗa gonar alkama mai tsiro, shi ya sa ake roƙon manoma su bar ragowar saiwar nan a fili kada su yi saurin nome ta, don dinyar ta samu abin da zai ɗauke mata hankali. Amma gaskiya ba a haɗa su. Manomin can in ya yi asara ba zai kwana da yunwa ba.

Malamin Daji:
Salam. Ni fannin da na karanta kenan, kuma na ɗan zauna da masu binciken tsuntsaye na cibiyar Leventis da ke dajin Amurum kusa da Jos, don haka ku ba ni dama in tsawaita.

Alhaji ya yi gaskiya kan jan baki, amma shi ɗan gida ne, Afirka ya tashi Afirka zai mutu, ba ruwansa da Turai. Waɗanda ya kamata mu lura da su su ne baƙin da ke zuwa mana da kaka su koma da bazara. Da yawa daga tsuntsayen da Turawan Norfolk ke kashe kuɗi suna kallo a watan Mayu, rabin shekararsu a wajenmu suke yi, a nan bakin Sahara.

Ga misali ɗaya da su kansu ya girgiza su. Akwai wani ɗan ƙaramin tsuntsu mai farin maƙogwaro da ke cika shingayen gonakinsu da kuka. A bazarar 1969 aka jira shi, sai kaɗan suka dawo, kimanin kashi 70 cikin ɗari sun ɓace a shekara guda. Suka duba gonakinsu, suka duba magungunan feshi, ba su ga dalili ba. Daga baya aka gano ruwan sama ne ya gaza a yankin Sahel a 1968, farkon farin nan da ya kai mu ga yunwar 1973. Tsuntsun yana buƙatar ya ci ƙwari da 'ya'yan itace ya tara kitse kafin ya haye hamada, bai samu ba, ya mutu a hanya. Wato yunwar da kakanninmu suke ba da labari, an ga alamarta a shingen wani ƙauyen Ingila shekara huɗu kafin duniya ta san da ita.

Abin da ya sa suka gane kuwa shi ne suna ƙirgawa. Ba masana ba, irin tsohuwar nan da ta harari ɗan uwanmu, da ɗan littafinta a aljihu. Tun 1909 suke sa wa tsuntsaye zobe a ƙafa.

Ɗan Nguru:
Malam ka tuna mini wani abu. Muna yara wani yayanmu ya kama wata 'yar agwagwar ruwa a tarko wajen tafki, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarta da rubutun boko da lambobi. Gida ya rikice. Kakarmu ta ce ta aljanu ce a sake ta, wani maƙwabci ya ce 'yan leƙen asiri ne. Ƙarshe dai an yanka an ci, zoben kuma yayan namu ya sa a igiyar makullinsa har ya ɓata.

Malamin Daji:
Kash! Da an aika da lambar nan, da wani can ya san inda agwagwarsa ta ƙare. A tukunyar Nguru.

Amma in gyara wani abu kafin a ce na ce duk tsuntsun Ingila Nguru yake zuwa. Yawancin nasu sun fi bin yamma, ta Sifen da Maroko su sauka Senegal, Gambiya da fadamar kogin Kwara a Mali. Baƙin Haɗejia da Nguru da tafkin Chadi sun fi fitowa daga tsakiya da gabashin Turai har Rasha. Sai dai akwai masu ratsa mu. Ƙungiyar binciken tsuntsaye ta Birtaniya da ake kira BTO, wadda hedikwatarta ke garin Thetford a cikin Norfolk ɗin nan, ta fara ɗaura wa tsuntsun da suke kira kuku 'yar na'ura a baya tun 2011, tauraron ɗan adam yana bin sa. Shi ne tsuntsun nan da ba ya gina sheƙa, sai ya saka ƙwansa a ta wani a yi masa reno. An ga wasunsu sun haye hamada sun huta a Chadi da Najeriya, sannan suka wuce dazukan Kwango.

Sarkin Gardama:
To Malam, tunda an zo maganar ilimi, ni ma ina da tambaya. Mutanen nan da kuke yabo, ba su ne suke kiwon tsuntsu miliyoyi su sake shi a daji don masu kuɗi su zo su harbe don nishaɗi ba? Ko ƙarya nake?

Bakatsinen Norwich:
Ba ƙarya kake ba. Wani tsuntsu ne kamar zabo mai dogon bindi, asalinsa ma daga Asiya. Ana sakin miliyoyi goma-goma duk shekara, lokacin harbinsa daga 1 ga Oktoba zuwa 1 ga Fabrairu, kuma Norfolk na cikin cibiyoyin abin. A hanyarmu ta dawowa na ga gawarsu a kan titi ba adadi, mota ta take. Dattijona shi ma abin ba ya masa daɗi, amma ya ce magana ce da ta raba kan mutanen karkararsu, wasu da ita suke ci.

Sarkin Gardama:
Yawwa. Ungulu da kan zabo kenan. Ɗan talaka ya ɗauki ƙwan tsuntsu a sheƙa doka ta hau kansa, mai gona dubu ya harbe ɗari biyar a yini a tafa masa. Sannan a zo Afirka a koya mana tausayin dabbobi.

Maman Ummi:
Sarki ai ba a kanka aka fara ganin munafuncin Bature ba. Amma laifin wani ba ya wanke naka. Ni tambayata ɗaya ce ga duk wanda ya haura shekara talatin a gidan nan: yaushe rabonka da ganin ungulu? Muna yara a Kano, bayan mahauta da kan rufin kasuwa baƙi ƙirin suke da ungulu. Yau 'yata Ummi shekararta tara, a littafi kawai ta san ta. Wannan ma Bature ne ya harbe?

Ɗan Nguru:
Wallahi Hajiya kin sa na yi shiru. Na fi shekara goma.

Malamin Daji:
Ungulu dai mu muka cinye ta da hannunmu. Masu tsibbu da masu haɗa magani suna sayen kanta da sauran sassanta, ga gubar da ake sa wa mushe. Haka gauraka. Tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya, yau da wuya ka gan shi a dajin Najeriya, sai a gidan wani mai hali an yanke masa fiffike yana zagaya tsakar gida.

Abin da ya sa labarin Norfolk yake ba ni sha'awa shi ne su ma sun taɓa kai nasu ƙarshe. 'Yar uwar gauraka ta Turai ta ɓace daga Ingila kusan shekara ɗari huɗu saboda farauta da busar da fadamu, sai a 1979 wasu 'yan ƙalilan suka sauka a gabashin Norfolk, mai gonar ya rufa musu asiri, suka hayayyafa. Akwai wani ɗan uwan zalɓe mai ɓuya cikin ciyawa, kukansa kamar ana busa bakin tulu, a 1997 maza goma sha ɗaya kacal aka ji suna kuka a duk ƙasar. Suka gyara fadamun, yanzu sun haura ɗari biyu. Ita kanta fadamar Cley da ɗan uwanmu ya je, wani likita ne mai suna Sydney Long ya haɗa abokansa suka saye ta a 1926 don a bar wa tsuntsaye. Ba gwamnati ba ce ta fara.

Sarkin Gardama:
Likita mai rarar kuɗin sayen fadama. Ka dawo kan maganata ta farko, ƙoshi.

Hajiya Ta Maraɗi:
Sannunku da hira. Ɗana Sarki, ban yarda da kai ba a nan. A ƙauyenmu akwai wata tsamiya a ƙofar gidan mai gari, duk shekara shamuwa a kanta take sheƙa. Ba mai ƙoshi a garin nan, amma yaron da ya kuskura ya jefe ta, kafin ya kai gida ya sha bulala a hannun wanda ma ba ubansa ba. Idan ta iso tsofaffi su ce a fito da iri a gyara kalme, ruwa ya kusa. Wannan ba kallon tsuntsu ba ne? Madubi ne kawai ba mu da shi, da littafin rubutawa. Kuma mu da muke karanta labarin alhudahuda da Annabi Sulaimana, alaihis salam, a Suratun Namli, ba Bature ne zai fara nuna mana darajar tsuntsu ba.

Bakatsinen Norwich:
Hajiya Allah ya ƙara girma. Kin san kuwa alhudahuda in ya ɓato hanya ya faɗo Ingila, mutane har hutu suke ɗauka a wurin aiki su tuƙa mota awa uku don su gan shi? Akwai masu wannan ciwon na musamman, su burinsu kawai su ƙara suna ɗaya a jerin waɗanda suka taɓa gani. Dattijona yana ɗan raina su, ya ce su masu tara lamba ne, shi mai zama ne ya kalla. Ashe ko a nan akwai ɗariƙa-ɗariƙa.

Alhaji Mai Shinkafa:
Malamin Daji, tunda kai masani ne. Fadamar tamu da kake cewa baƙi na sauka, ai ita ma ta tafi. Tun da aka yi dam ɗin Tiga, aka ƙara da na Challawa, ambaliyar da muka sani ba ta zuwa yadda take. Inda ruwa ya kwanta kuma kacalla ta cinye, ta toshe hanyar kwalekwale, kuma a cikinta jan bakin yake kwana. Su can suna dasa ciyawa don tsuntsu, mu nan ciyawar ce ta kashe mu.

Malamin Daji:
Haka ne ranka ya daɗe, Tiga a 1974, Challawa a 1992. Kuma ka lura, abin da ya cuci manomi da masunci shi ya cuci baƙin tsuntsayen. Kacalla tana son ruwan da ba ya hawa ba ya sauka. Fadama mai cika da damina ta janye da rani ita ce mai shinkafa, mai kifi, mai makiyaya, ita ce kuma mai agwagwa. Su ma a Norfolk ba barin ciyawar suke ta yi yadda ta ga dama ba, yankan ta suke da hunturu su yi rufin ɗaki da ita, suna buɗe ruwa suna rufewa da ƙofofi. Tafkin Nguru ne wuri na farko da Najeriya ta sa a yarjejeniyar kare fadamu ta Ramsar, a shekarar 2000. Takarda dai an sa hannu.

Maman Ummi:
Yaya na Norwich, in mutum yana Ingila yana so ya kai yara fa? Ƙanwata tana Leicester, yaranta kullum suna kan waya. Sai an sayi madubin nan mai tsada?

Bakatsinen Norwich:
A'a. Madubi akwai na fam ɗari, akwai wanda ya haura fam dubu biyu, amma a manyan wuraren kamar Titchwell ana ba da haya, kuma in ka tsaya kusa da mai babban madubi ka yi gaisuwa, da kansa zai ce zo ka duba. Abin da ya fi madubi muhimmanci shi ne rigar sanyi ta kirki da takalmin da ba ya shan ruwa, iskar bakin tekun nan ba ta da mutunci. In Snettisham za su je su duba jadawalin cikar teku tukuna, abin ba kullum yake faruwa ba, sai ruwa ya yi babbar cika, wato 'yan kwanaki bayan tsayuwar wata ko bayan ya cika sha huɗu. Mu da muke lissafin wata wannan ba zai ba mu wuya ba.

Yara kuma ina ga abin da zai fi burge su yana Blakeney. Akwai wata dabbar teku mai kama da ayu, tana fitowa kan yashi ta haihu daga Nuwamba zuwa Janairu, jarirai farare sol masu gashi, dubbai a shekara, babu inda ya kai nan yawansu a Ingila. Daga Morston ake shiga jirgin ruwa a je a gani. Ni ban je ba tukuna, sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.

Sarkin Gardama:
"Sai wata mai zuwa." Kun ji ko? An riga an rasa shi. Nan da baɗi zai dawo Funtuwa da gajeren wando da madubi a wuya yana bin balbela.

Bakatsinen Norwich:
Gajeren wando dai a'a. Amma dattijon ya riga ya ba ni tsohon madubinsa, kuma ya roƙe ni abu ɗaya: in na je gida hutu in ɗauko masa hoton shamuwa a kan sheƙa, bai taɓa ganin ta ba. Hajiya, tsamiyar nan tana nan?

Hajiya Ta Maraɗi:
Tana nan daram. Amma kada ka zo da sanyi ka ce ba ka gan ta ba, sai gab da damina. Ka zo da goron mai gari.

Ɗan Nguru:
In ka gama da Maraɗi ka biyo ta wajenmu, amma mu da sanyin za ka zo, Disamba ko Janairu, lokacin baƙin suna nan. Zan nemo mana mai kwalekwale. Alhaji kuma ya ara maka gwangwani ɗaya ka taya yara korar jan baki, ka ga ɗaya hayaƙin da idonka.

Alhaji Mai Shinkafa:
Gwangwani akwai. Ya zo da Baturen ma.